Yadda Sinawa ke haɗa maganin ciwon ciki, da inda ilimin ya tsaya

Idan mutum biyu suka shiga wurin likitan gargajiya a Beijing ko Guangzhou, kowannensu na kukan gudawa, mai yiwuwa ne su fito da magunguna masu kishiyantar juna. Na farko a ba shi busasshiyar citta da saiwoyi masu ɗumama ciki, na biyu a ba shi saiwa mai tsananin ɗaci wadda suke cewa tana sanyaya hanji. Kafin a kai ga haka, likitan ya duba harshen kowannensu, ya ɗora yatsu uku a wuyan hannu ya ji bugun jijiya, ya kuma yi tambayoyin da mai kunya ba zai so amsawa ba: bayan gidan yana da wari sosai ko ruwa ne kawai, yana zafi wajen fita, ciwon yana lafawa idan an danna cikin ko ƙaruwa yake yi, ruwan zafi ake marmari ko na sanyi. Amsoshin nan su ne ke yanke hukunci. Wanda ya raba ganyen da waɗannan tambayoyi ya riƙi rabin ilimin ne, kuma wannan rabin shi ne ake ƙullawa a kwali ana kawo mana kasuwa da rubutun da ba ma iya karantawa.

A tsarinsu, narkar da abinci aikin abokai biyu ne, tumbi da saifa. Tumbi tukunya ce da ke karɓar abinci ta dafa shi, saifa kuma ita ce ke kula da wutar da ke ƙarƙashi, ta kwashe amfanin abin da aka dafa ta rarraba wa jiki. Saifar da suke nufi ba ita ce tsokar da likitan fiɗa ke gani a gefen hagu na ciki ba, suna ne suka ba wa dukan aikin sarrafa abinci. Ƙarfin tumbi ya kamata ya riƙa gangarawa ƙasa, na saifa ya riƙa hawa sama. In na tumbi ya juya sama sai a ga amai, gyatsa, shaƙuwa da ƙwarnafi. In na saifa ya faɗi sai a ga zawo, kasala da nauyin jiki bayan cin abinci. In wutar ta yi rauni, abinci ya zauna bai nuna ba, sai abin da suke kira laima ya taru, harshe ya yi kauri da farin danƙo. Bahaushen da ya saba jin ana cewa sanyi ya kama wane ba zai ji wannan magana baƙuwa ba, sai dai Sinawa sun rubuta tasu tun fiye da shekara dubu biyu, suka yi ta gardama a kanta a littattafai.

Mutumin da ya ɗaga darajar ciki a wannan ilimi shi ne Li Dongyuan, wanda ya rayu daga 1180 zuwa 1251. A shekarar 1232 sojojin Mongol suka yi wa birnin Kaifeng ƙawanya. Da aka janye, sai mutane suka fara mutuwa tuli, har ya rubuta cewa kusan wata uku ana fitar da gawarwaki ta ƙofofin birnin kowace rana. Likitocin lokacin suna ba da maganin sa gumi da na wanke ciki, a zatonsu cuta ce ta shigo daga waje. Shi kuwa ya ce yunwa da wahala da cin abinci babu tsari ne suka karya cikin mutane, da aka samu abinci suka cika shi lokaci guda, maganin wanke ciki kuma ya ƙarasa su. Masana tarihi da yawa na yau suna ganin annoba ce ta gaske ta auka wa birnin, wataƙila ma irin wadda ɓeraye ke yaɗawa, wato dai mai yiwuwa Li bai gano musabbabin ba. Duk da haka littafinsa na 1249 kan saifa da tumbi ya kafa makaranta guda, kuma ƙa'idarsa ta cewa kada a wanke cikin mai rauni ta zauna daram har yau.

Ba kasafai suke ba da ganye ɗaya shi kaɗai ba. Haɗi suke yi, kuma sun tsara shi da sunayen fada: akwai sarki, wanda shi ke fuskantar cutar, akwai waziri mai ƙarfafa shi, akwai mataimaki da ke rage masa kaifi ko kula da ƙananan alamomi, sannan ɗan aike da ke daidaita sauran. Misali mafi sauƙi shi ne Sijunzi Tang, jiƙon dattawa huɗu, wanda ke cikin kundin magunguna da gwamnatin daular Song ta wallafa. Sarkinsa saiwar renshen ce, wadda duniya ta fi sani da jinsen, ko da yake saboda tsada galibi ana maye gurbinta da wata saiwa mai suna dangshen. Sai saiwar baizhu mai busar da laima, sai fuling, wani naman gwari da ke girma a jikin saiwar itacen pine, sai gancao, saiwar nan mai zaƙi da Larabawa ke jiƙawa su sha. Wannan na mai raunin ciki ne, wanda ba ya son abinci, muryarsa ta yi ƙasa, bayan gidansa ba ya ɗaurewa. In aka ƙara busasshen ɓawon lemo da wata saiwa mai suna banxia sai ya zama jiƙon dattawa shida, na wanda rauninsa ya haɗu da kumburi da tashin zuciya. Da wannan ƙari da ragi ake bin majinyaci mako bayan mako, takardar magani tana sauyawa yadda harshensa ke sauyawa.

Haɗin da ya fi ba ni sha'awa tsoho ne fiye da wannan. Zhang Zhongjing, wanda ya rayu a ƙarshen daular Han wajen shekara ta 200 miladiyya, ya rubuta Banxia Xiexin Tang don mutumin da ke jin wani abu ya tokare masa a ƙasan ƙirji, ba ciwo sosai, ga tashin zuciya daga sama, ga ƙugin hanji da zawo daga ƙasa. Abubuwa bakwai ne a ciki. Huanglian da huangqin masu ɗaci ne masu sanyi, busasshiyar citta da banxia masu yaji ne masu zafi, sai jinsen da gancao da dazao masu zaƙi, dazao ɗin kuwa ɗan'uwan magarya da kurna ne, sai dai ya fi su girma da nama. Mai kallo daga waje zai ce ai zafi da sanyi za su kashe juna a tukunya ɗaya. Su kuwa cewa suke yi yaji yana buɗe abin da ya toshe, ɗaci yana saukar da abin da ya hau, zaƙi yana riƙe tsakiya kada a yi ɓarna. Ko mutum bai yarda da bayanin ba, dole ya yarda cewa wanda ya haɗa wannan ya zauna ya lura da majinyata da kyau, domin alamomin da ya siffanta su ne dai ake kai wa likitocin ciki a yau, a zura na'ura a duba ba a ga komai ba.

Na cin abinci fiye da kima kuwa sha'aninsa daban ne, kuma a nan maganin ya kusa zama abinci. Shanzha, wasu jajayen 'ya'yan itace masu tsami, su ake ba wanda ya cika cikinsa da nama da maiƙo. Tsiron sha'ir na wanda ya cika cikinsa da tuwon shinkafa ko taliya ne. Shenqu curi ne na gari da ganyaye da aka bari ya yi tsami. In aka soya ukun nan har suka yi duhu, ana kiransu waliyyai uku ƙonannu, kuma kusan kowane kantin magani a Sin yana da su. Har fatar cikin ƙundun kaza, wannan rawayar da muke ɓarewa mu yar, suna busarwa su daka. Ƙwayar Baohe Wan, wadda ake dangantawa da likita Zhu Danxi na ƙarni na 14, a kan shanzha da shenqu aka gina ta. Ɓawon lemo kuma, chenpi, sai ya shekara uku a ajiye kafin a ɗauke shi da daraja, wanda ya fito daga Xinhui a lardin Guangdong in ya tsufa sosai kuɗinsa ya wuce hankali.

Citta ma kashi biyu ce a wurinsu. Ɗanya ta tsayar da amai ce, busasshiya ta ɗumama cikin da ya yi sanyi. A cikin duk abubuwan da aka ambata, ita ce gwajin zamani ya fi mara wa baya wajen rage tashin zuciya, musamman na masu juna biyu, ko da yake tasirin matsakaici ne.

Yanzu sai masu kaifi. Dahuang saiwa ce da suke wa laƙabi da janar, saboda yadda take fasa cikin da ya cushe. Sinadaran da ke cikinta dangin na filasko ne, suna tsokanar hanji ya motsa. Masu haɗa magani sun san cewa in ana so ta yi aiki sosai sai a jefa ta a tukunya daga ƙarshe, in ta daɗe tana tafasa ƙarfin wankinta ya ragu. Sun kuma san ba ta kullum ba ce. Wanda ya mai da irin waɗannan abin sha na yau da gobe, hanjinsa kan yi duhu daga ciki, gishirin jikinsa ya rikice, ya zama ba ya iya bayan gida sai da su. Yawancin shayin rage tumbi da ake tallatawa ba wani sirri a cikinsu face irin wannan ganye, abin da ke zuba ruwa ne, kitse yana nan inda yake. Banxia kuwa ɗanyenta guba ne, tana ƙona baki da maƙogwaro har murya ta dushe, sai an sarrafa ta da citta da alimun kafin ta shiga magani. Gancao mai zaƙin nan, da ake gani kamar ba ta da laifi kuma tana cikin haɗe-haɗe masu ɗimbin yawa, in an daɗe ana sha tana tayar da hawan jini, tana zubar da sinadarin fotashiyam, tana kumbura ƙafa. Mai hawan jini ko mai shan maganin fitsari ya kamata ya san wannan kafin ya kai kofi baki.

Huanglian ta cancanci a tsaya a kanta. Ɗacinta ya shiga karin maganar Sinawa, suna cewa bebe ya ci huanglian, yana jin ɗaci ba halin faɗa. Daga cikinta da 'yan'uwanta ake samun sinadarin berberin, wanda ake sayarwa a Sin a matsayin 'yan ƙwayoyi rawaya na gudawa, ba sai da takardar likita ba. A shekarun 1980 an gwada shi a Bangladesh da ƙasar Bama, wato Myanmar ta yau. Ya rage yawan zawo a wani nau'in gudawar da ƙwayar E. coli ke jawowa, amma a kwalara bai taɓuka abin kirki ba. Ma'ana, ba ya maye gurbin ruwan gishiri da sukari, wanda shi ne ke hana mai gudawa mutuwa. A 1978 Singafo ta haramta shi saboda zargin yana tsananta shawara a jikin jarirai masu ƙarancin wani sinadarin jini da ake kira G6PD, ba a fara sassauta haramcin ba sai 2013, bayan an sake nazarin hujjojin. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin ƙarancin G6PD ya yawaita a Afirka ta Yamma, kuma akasarin masu shi ba su san suna da shi ba. Mai ciki da mai shayarwa da jariri, nesa da shi ya fi.

To, shin haɗe-haɗen suna aiki? Amsar ta danganta da wanda ya yi gwajin da yadda ya yi shi. A 1998 wasu masu bincike suka duba gwaje-gwajen da aka wallafa daga ƙasashe daban-daban, suka tarar kusan duk wanda ya fito daga Sin cewa yake maganin ya yi nasara. Babu maganin da ke cin kowace jarrabawa a duniya, don haka abin da wannan ke nunawa shi ne waɗanda suka faɗi ba a buga su. Shi ya sa nake ba gwajin da aka yi a waje nauyi fiye da tarin na gida.

Akwai guda biyu masu kyau. A Ostareliya, a 1998, Alan Bensoussan da abokan aikinsa suka raba mutum 116 masu ciwon hanjin nan mai murɗa da kumburi da sauyin bayan gida zuwa kashi uku: masu shan haɗi ɗaya na kowa da kowa, masu shan haɗin da aka tsara wa kowa nasa, da masu shan ƙwayar bogi. Kashi biyun farko sun fi na uku samun sauƙi. Abin lura shi ne, a ƙarshen shan maganin haɗin da aka tsara wa mutum bai fi na gama-gari ba, wanda hakan bai yi wa masu tsarin daɗi ba. Amma da aka sake dubawa bayan mako 14, waɗanda aka tsara wa nasu su ne sauƙinsu ya ɗore. Gwaji ne ƙarami, ba a gina gida a kansa, sai dai ya taɓa ainihin da'awar wannan ilimi.

Na biyu daga Japan ne, inda magungunan Sin suka shiga tun ƙarnoni suka zama abin da ake kira kampo. Can likitan asibiti ne ke rubuta su, inshorar lafiya ta ƙasa na biya, kamfanoni kamar Tsumura suna sarrafa su gari a ƙunshi mai awo ɗaya. Jiƙon dattawa shida a can sunansa rikkunshito. An gano yana ƙara sinadarin girelin, wanda ke tayar da yunwa, kuma gwajin da aka wallafa a 2018, aka kwatanta shi da na bogi, ya nuna yana rage cikar ciki da saurin ƙoshi ga masu ɓacin cikin da ba a ga gyambo ba. A ganina darasin Japan ya fi na kowa amfani: haɗin bai sauya ba, amma an san abin da ke cikin kowane ƙunshi, an rubuta illolinsa a takarda, an kuma duba majinyaci da na'ura kafin a ba shi.

Japan ɗin ce kuma ta nuna ɗaya fuskar. Qingdai garin shuɗi ne, sinadarinsa irin na babar da ake rini da ita a karofi. An gwada shi ga masu gyambon babban hanji, ya yi aiki ƙwarai, fiye da yadda aka zata. Amma aka dakatar da gwajin kafin lokaci, bayan an samu rahoton wani da ke sayen garin da kansa yana sha ya kamu da hawan jinin jijiyoyin huhu, cuta mai iya kisa. Abin da ke da ƙarfin warkarwa yana da ƙarfin ɓarna, kuma kalmar "na gargajiya ne" ba ta rage ko ɗaya daga ciki.

Mafi munin abin da ya faru ya zo ne ta hanyar musanya. A farkon shekarun 1990, a wani asibitin rage ƙiba a Brussels ta Beljiyam, aka sa wata saiwa a madadin wata saboda sunayensu na Sinanci sun yi kama. Wadda aka sa tana ɗauke da sinadarin aristolokik. Mata fiye da 100 ƙodarsu ta lalace, da yawa sai da aka koma yi musu wankin ƙoda ko dashe. Da aka bincika 39 daga cikinsu, aka samu ciwon daji na mafitsara da hanyoyin fitsari a jikin 18. Wannan ya shafi maganin ciki, domin akwai muxiang, saiwa mai ƙamshi da ake ba mai kumburi, akwai kuma qing muxiang da aka daɗe ana ba mai ciwon ciki, ita kuma tana cikin dangin masu wannan guba. Sin ta soke amfani da ita a 2004, shekara guda bayan ta soke wata 'yar'uwarta da ta lalata ƙodar mutane a cikin ƙasar. Wanda ke sayen busasshiyar saiwa a buhu ba shi da hanyar bambance su da ido.

Ga wani abu da ya kamata Musulmi ya sani. Huoxiang Zhengqi na cikin magungunan da suka fi yaɗuwa a Sin, ana shan sa don amai da gudawar lokacin zafi da damina. Nau'insa na ruwa a 'yar kwalba yana ɗauke da barasa kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari, har direbobi a Sin kan faɗi gwajin numfashi bayan sun sha. Ana gargaɗin kada a haɗa shi da wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta. Akwai nau'insa na ƙwaya da na gari da ba su da barasa, sai a duba kwalin ko a tambayi wanda ya iya karatun. Haka nan lambar NAFDAC da ake gani a jikin maganin gargajiya a Najeriya shaida ce ta cewa an duba lafiyar shansa, hukumar ba ta ce ya warkar da abin da aka rubuta a jikinsa ba.

Iyakar wannan ilimi a fili take idan aka zo kan gyambon ciki. Duk zurfin lura da harshe da jijiya bai kai kowa ga gano cewa ƙwayar cuta ce ke zaune a tumbi ba, sai da Barry Marshall da Robin Warren suka gano Helicobacter pylori a Ostareliya a 1982, aka ba su kyautar Nobel a 2005. Sin na cikin ƙasashen da ciwon dajin tumbi ya fi yi wa ɓarna, kuma a gundumar Linqu ta lardin Shandong an yi wani dogon gwaji tun 1995, wanda ya nuna cewa shan maganin kashe wannan ƙwaya na mako biyu ya rage kamuwa da dajin shekaru da yawa bayan haka. Jiƙo na iya kwantar da zafin gyambo har mutum ya ɗauka ya warke, alhali ƙwayar tana nan tana aikinta. Baƙin bayan gida, aman jini, rama ba dalili, wahalar haɗiya, ko ciwon ciki da ya fara sabo bayan mutum ya manyanta, duk waɗannan na asibiti ne. A manyan asibitocin gargajiya na Sin ma haka ake yi yanzu: akwai ɗakin zura na'urar duba tumbi da ɗakin gwajin jini a gini ɗaya da kantin saiwoyi, kuma likitan da zai rubuta jiƙon dattawa shida yakan fara aika majinyaci can ya kawo sakamako.